VeraCrypt

VeraCrypt manhaja ce ta kyauta da ake kulle bayanai da ita a kan filash ko rumbun ajiyar kwamfuta, ta yadda wanda ba shi da kalmar sirri ba zai ga komai ba sai tarkacen lambobi. Mounir Idrassi na kamfanin IDRIX da ke Faransa ne ya fitar da ita a watan Yunin 2013. Tana aiki a Windows da macOS da Linux, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake ga duk mai son bincikawa.

Daga TrueCrypt ta samo asali, manhajar da ta fito a 2004 a hannun wasu da suka ɓoye sunayensu. A watan Mayun 2014, kwatsam masu ita suka sanar cewa sun daina kula da ita, suka ce a koma BitLocker, manhajar kulle bayanai ta Microsoft. An yi ta cece-kuce a kan dalili. Binciken ƙwararru da aka kammala a 2015 bai gano wata ɓoyayyiyar ƙofa ta shiga bayanai ba tare da kalmar sirri ba a cikinta, amma a lokacin jama'a sun riga sun karkata ga VeraCrypt. Ita ma kamfanin Quarkslab ya bincike ta a 2016, ya gano kurakurai, aka gyara akasarinsu a fitowa ta 1.19.

A kan filash, abin da aka fi yi shi ne ƙirƙirar fayil guda mai girman da mutum ya zaɓa, wanda ke zama kamar akwati mai kwaɗo. Wajen haɗa shi, manhajar kan ce a yi ta jujjuya linzamin kwamfuta barkatai na ɗan lokaci, domin daga wannan motsin take tattara abin da za ta ƙera mabuɗi da shi. In an sa kalmar sirri, akwatin sai ya bayyana kamar sabon rumbu mai harafinsa, a zuba takardu a ciki, a rufe. Tsarin kullewar da aka fi zaɓa shi ne AES, akwai kuma Serpent da Twofish da Camellia, ana ma iya jera biyu ko uku. Inda VeraCrypt ta fi wadda ta gada shi ne wajen sarrafa kalmar sirri: TrueCrypt na maimaita lissafin da ake yi wa kalmar sau 1,000 ko 2,000, ita kuwa takan kai sau 500,000. Shi ya sa buɗewa ke ɗan jinkiri, kuma wannan jinkirin ne ke gajiyar da mai cankar kalmomi.

Akwai kuma ɓoyayyen akwati a cikin akwati, kowanne da kalmar sirrinsa. Wanda aka matsa wa lamba zai iya buɗe na waje, na cikin kuwa ba a bambanta shi da filin da ba a rubuta komai ba.

Ana iya ɗora manhajar kanta a kan filash ɗin, a tafi da ita ba sai an girka ta a kowace kwamfuta ba. Sai dai a nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. A Windows sai da izinin mai kula da kwamfutar take tashi, don tana buƙatar shiga can cikin tsarin na'urar. Wanda ya je shagon buga takardu ko ofis da filash ɗinsa zai iya tarar da an hana shi wannan izini. Ko da an ba shi ma, kwamfutar da ƙwayar cuta ta kama tana iya naɗe kalmar sirrin yayin da yake bugawa. Kariyarta ta gaskiya ita ce ga filash ɗin da ya faɗi a mota ko aka sace, ba ga wanda aka buɗe a na'urar da ba a yarda da ita ba.

Filash mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, don haka babban akwati sai an koma exFAT ko NTFS. Filash kuma na rarraba rubutu a sassansa don kada wuri ɗaya ya gaji, saboda haka takardar da ta taɓa zama a kansa kafin a kulle tana iya barin burbushi. Idan kalmar sirri ta ɓace, babu wanda zai iya dawo da bayanan, har da masu kula da manhajar.