Two-Face (Harvey Dent)

Two-Face ɗaya ne daga cikin manyan abokan gaban Batman a littattafan zane na kamfanin DC da ke Amurka. Bob Kane da Bill Finger ne suka ƙirƙire shi, ya fara fitowa a Detective Comics lamba 66 a 1942, lokacin ma sunansa Harvey Kent, daga baya aka mayar da shi Dent don kar a riƙa rikita shi da Clark Kent, wato Superman.

Asalinsa babban lauyan gwamnati ne a birnin Gotham, kyakkyawa, mai gaskiya, kuma abokin aikin Batman ne wajen yaƙi da 'yan daba. Ana tsakiyar shari'a a kotu wani ƙasurgumin ɗan ta'adda mai suna Maroni ya watsa mai asid, ɓarin hagu na fuskarsa ya lalace, ɗaya ɓarin kuma lafiya lau. Tun daga nan komai nasa ya rabu biyu, har kwat ɗin da yake sawa rabi tsaf-tsaf rabi wani iri.

Amma babbar alamar tana cikin kwabonsa, dalar azurfa ce mai hoton kan mutum a duka ɓangarorin, shi da kansa ya kakkarce ɗaya. In zai yanke hukunci sai ya cilla ta sama, ɓangaren lafiya ya fito ya ƙyale ka, mai tabo ya fito ka shiga uku. Mutumin da ya yi imani da doka kenan ya daina yarda akwai adalci, ya miƙa wa sa'a komai don kar a ce shi ya zaɓa. Marubutan da suka zo daga baya sun nuna taɓin hankalinsa ya riga asid ɗin, a wani labari na 1990 mahaifinsa ne yake dukansa tun yana yaro, a littafin The Dark Knight Returns na 1986 kuwa likitoci sun gyara fuskar tas amma shi gani yake gaba ɗayanta ta lalace.

Akwai masu sukar wannan salo kuma gaskiyarsu ne, don yana koya wa yara cewa mai tabo a fuska ko mai taɓin hankali mugu ne, alhali mutanen da wuta ta ƙona suna fama da kallon jama'a kullum. A 2018 hukumar fina-finai ta Birtaniya, BFI, ta ce ta daina ba da kuɗi ga fim ɗin da ya yi amfani da tabon fuska wajen nuna mugu.