Jefa Tangarɗa da Cafe ta a Cikin Tafintan Harshen Kwamfuta

A fagen shirya manhaja, tangarɗa ita ce duk abin da ya auku ana tsakiyar gudanar da shiri har ya hana shi bin hanyar da aka shata masa: raba lamba da sifili, neman fayil ɗin da babu shi, ƙarewar ma'adanar kwamfuta, ko wani kuskure da mai rubuta shirin ya ga dama ya sanar da kansa. Harsuna da dama suna ba da damar a jefa tangarɗa daga inda ta auku, da kalma irin throw ko raise, sannan a cafe ta a wani wuri dabam da catch, except ko rescue. Tafinta kuwa shi ne manhajar da ke karanta shiri ta aiwatar da shi nan take, ba tare da an fara mayar da shi harshen inji ba. Python, Ruby, Lua da Tcl duk ta hannun tafinta aka fi gudanar da su.

Ga mai amfani da harshe, jifa da cafewa 'yan kalmomi ne biyu ko uku. Ga wanda ke gina tafintan kuwa, tambayar ita ce: ta yaya za a watsar da aikin da aka yi rabinsa, a koma wani wuri da aka sani, ba tare da an bar ɓarna a baya ba?

Tushen matsalar

Shiri yana tafiya ne ta hanyar kira: wannan fankishin, wato guntun shiri mai aiki takamaimai, ya kira wancan, wancan ya kira wani. Kowane kira yana da nasa firam, wato wurin da ake ajiye mazubansa, inda yake zuba ƙimomin da yake aiki da su, da adireshin inda za a koma idan ya gama. Firam-firam ɗin nan a jibge suke kamar kwanukan da aka ɗora ɗaya kan ɗaya, na sama ake fara ɗaukewa, kuma wannan jibgi shi ake kira tarin kira. Idan aka jefa tangarɗa, dole tafinta ya nemo mai cafewa mafi kusa wanda ya dace da irinta, ya sauke duk firam ɗin da ke tsakani, ya gudanar da ayyukan share fage da aka yi alkawari a kan hanya, sannan ya ci gaba daga wurin mai cafewar.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne tarin biyu ne, ba ɗaya ba. Akwai na harshen da ake fassarawa, akwai kuma na harshen da aka rubuta tafintan da shi, wanda galibi C ne. Sau da yawa a sarƙe suke. Shirin Python zai kira sorted, wanda da C aka rubuta shi, shi kuma ya juyo ya kira wani fankishin na Python don ya san yadda zai jera abubuwa. Idan tangarɗa ta tashi daga can ciki, sai ta ratsa firam na C kafin ta isa ga mai cafe ta, alhali C bai san wani abu wai shi tangarɗa ba. Kusan duk bambancin da ke tsakanin tafintoci daga nan ya samo asali.

Taƙaitaccen tarihi

Lisp 1.5 na shekarar 1962 yana da ERRORSET, wanda ke hana kuskure tsayar da shiri gaba ɗaya. PL/I na kamfanin IBM ya zo da umarnin ON a tsakiyar shekarun 1960. A 1972 aka ƙara CATCH da THROW a MacLisp, saboda masu rubuta shiri sun riga sun fara amfani da hanyar kama kuskure don ficewa daga aiki ko da babu kuskure. John Goodenough ya tsara batun a rubuce a 1975, harshen CLU na Barbara Liskov a MIT kuma ya kafa salon da yawancin harsuna suka bi daga baya.

An daɗe ana jayayya kan ko ya kamata mai cafewa ya iya gyara matsala a koma daidai inda aka tsaya, ko kuwa aikin da ya jefa tangarɗa ya mutu ke nan. A taron kwamitin C++ da aka yi a Palo Alto a 1991, Jim Mitchell ya bayyana cewa a tsarin Cedar/Mesa na Xerox, mai layi kusan 500,000, bayan shekara goma wuri ɗaya tak ya rage da ake komawa inda aka tsaya. Ra'ayin yanke aiki ya yi rinjaye. Common Lisp da Smalltalk sun riƙe ɗaya salon, don haka a cikinsu ana kiran mai cafewa tun tarin kira yana nan daram, sai ya yanke shawara kafin a sauke komai.

Miƙa alama hannu da hannu

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce kowane fankishin na cikin tafinta ya dawo da alamar yadda ya ƙare, wanda ya kira shi ya duba, in ya ga matsala shi ma ya tattara kayansa ya miƙa alamar baya. Tcl, wanda John Ousterhout ya fara a 1988, misali ne tsaf. Kowane umarni yana dawo da lamba: 0 lafiya lau, 1 kuskure, 2 return, 3 break, 4 continue. Umarnin catch ba ya yin komai face gudanar da abin da aka ba shi ya ƙi miƙa lambar gaba. Wannan ya nuna wani abu mai amfani: a idon tafinta, tangarɗa da return da break dangi ne, duk ficewa ce kafin a kai ƙarshe. Ƙa'idar ECMAScript, wadda ke fayyace JavaScript, ita ma haka ta ɗauke su, inda kowane mataki ke ƙarewa da ɗaya daga cikin normal, break, continue, return ko throw.

CPython, babban tafintan Python, wannan hanya yake bi a ɓangarensa na C. Fankishin da ya gamu da matsala yana ajiye tangarɗar a cikin bayanan zaren aikin da ke gudana, ya dawo da NULL ko -1. QuickJS na Fabrice Bellard, wanda ya fito a 2019, yana dawo da wata ƙima ta musamman mai suna JS_EXCEPTION. Akwai dalilin da ya sa CPython bai da wani zaɓi sosai: yana ƙirga yawan masu riƙe da kowane abu a ma'adana, kuma kowane fankishin sai ya rage ƙirgan abin da ya riƙe kafin ya fita. Da za a tsallake shi, abubuwan nan za su maƙale har abada. Kuɗin da ake biya shi ne dubawa bayan kusan kowane kira, ko da ba a taɓa samun matsala ba, kuma mantuwa a wuri ɗaya ta isa ta rushe shiri.

Dogon tsalle

Harshen C yana da wasu tagwayen fankishin, setjmp da longjmp. Na farko yana adana matsayin da inji yake ciki, na biyu yana komawa wannan matsayi daga ko'ina, ya tsallake duk firam ɗin da ke tsakani. Lua, wanda Roberto Ierusalimschy da Luiz Henrique de Figueiredo da Waldemar Celes suka ƙirƙira a 1993 a jami'ar PUC-Rio da ke Brazil, da su yake aiki. Duk lokacin da aka kira pcall, fankishin da ke gudanar da aiki yana cafe kuskurensa, tafinta yana ƙirƙirar wurin sauka ya ɗaure shi a kan sarƙar waɗanda suka gabace shi. Idan aka kira error, sai a yi tsalle zuwa na ƙarshe a sarƙar. Can za a mayar da tarin Lua yadda yake a da, a rufe mazuban da wasu fankishin na ciki suka ara, a ɗora ƙimar kuskuren a sama, pcall ya dawo da false tare da ita. In sarƙar babu kowa, sai a kira fankishin na firgici, daga nan shiri ya tsaya. Abin da ya sa tsallen bai zubar da kaya ba shi ne duk abin da Lua ya ƙirƙira yana ƙarƙashin kulawar mai kwashe shara na ma'adana, wanda zai zo ya tsince shi daga baya. Tafintan Ruby na asali shi ma da irin wannan tsalle yake ratsa firam na C.

Dabarar tana da ƙaya. Mazubin da aka canza bayan setjmp, in ba a yi masa alamar volatile ba, babu tabbacin abin da za a tarar a cikinsa bayan tsalle. Tsalle zuwa fankishin da ya riga ya fita haramun ne. A C++ kuwa longjmp yana tsallake ayyukan share fage da harshen ke yi da kansa idan fankishin zai fita, shi ya sa idan aka harhaɗa Lua a matsayin C++ yake sauyawa zuwa throw da try na harshen, wato tubalin da ake kewaye aiki da shi don a cafe tangarɗarsa. Haka nan a Lua 5.1 ba a iya dakatar da coroutine, wato aikin da ake iya tsayarwa a ci gaba da shi daga baya, daga cikin pcall, domin firam na C yana tsakani. Sai a Lua 5.2, a 2011, aka warware wannan.

Wanda ya rubuta tafintansa da Java ko C# ko makamancinsu yana iya aron tangarɗar harshen kai tsaye: ya naɗe ƙimar da aka jefa a cikin tangarɗar Java, ya cafe ta a inda yake aiwatar da try. Gajeriyar hanya ce, kuma ga tafintan koyo babu laifi. Sai dai masu farawa kan faɗa rami biyu. In an yi amfani da dabarar don return da break, catch na shirin zai iya haɗiye su bisa kuskure. In kuma an yi cafewar da faɗi, kurakuran tafintan kansa za su riƙa bayyana tamkar laifin shirin da ake gudanarwa.

Jadawali maimakon rajista

Yawancin tafintocin zamani sukan fara mayar da shiri jerin ƙananan umarni, wato baitkod. A nan tambayar ita ce yadda za a gane mai cafewa a cikin firam guda. Har zuwa Python 3.10, shiga try yana gudanar da umarni irin SETUP_FINALLY, wanda ke rajistar adireshin mai cafewa a wani ƙaramin tari, fita kuma ya cire shi. Gurbi 20 ne kawai a tarin, don haka akwai iyakar yadda za a cusa tubali cikin tubali.

Injin Java tun farko jadawali ya zaɓa. Kowane fankishin yana ɗauke da jeri mai ginshiƙi huɗu: inda kariya ta fara, inda ta ƙare, adireshin mai cafewa, da irin tangarɗar da yake karɓa. Shiga try ba ya cin ko sisi. Sai an jefa, da umarnin athrow ko ta wani kuskure, ake bin jadawalin daga sama, layin farko da ya dace shi ne ya ci. Sai a share tarin lissafi na firam ɗin, a ɗora tangarɗar ita kaɗai, a ci gaba. In babu layin da ya dace, a sauke firam a maimaita a na ƙasa. Python 3.11, wanda ya fito a Oktoban 2022, ya koma wannan salo da co_exceptiontable. Bambancinsa shi ne jadawalinsa bai ƙunshi irin tangarɗa ba, sai zurfin da za a mayar da tari. Mai cafewa ne ke gwada irin da kansa, in bai dace ba ya sake jefawa. Hikimar a fili take: try da yawa ake shiga a fita lafiya, gara a ɗora nauyin a kan ranar da matsala ta auku.

Wahalar finally

Cafewa ba ita ce ke ba masu gina tafinta ciwon kai ba, finally ne. Tubalin finally dole ya gudana ko ta wace ƙofa aka fita: ƙarshen try, tangarɗa, return, break ko continue. Bayan ya gama kuma sai a ci gaba da ficewar da aka dakatar. Ke nan tafinta sai ya tuna dalilin fitar da ƙimar da ke tare da ita. Da farko Java yana amfani da umarnin jsr da ret, ya mayar da tubalin ƙaramin kira na cikin gida, amma hakan ya wahalar da mai tantance baitkod, har aka hana su daga sigar fayil ta 51, wato Java 7. Yanzu kwafin tubalin ake dasawa a bakin kowace ƙofa, a ƙara layi a jadawali mai cafe kowace irin tangarɗa. Python ya rungumi kwafi daga sigar 3.9.

Idan finally da kansa ya yi return, tangarɗar da ke kan hanya ta ɓace ba labari, a Java da JavaScript da Python duka. Wannan ɗabi'a ta fi kama da tarko fiye da baiwa, kuma Python 3.14 ya fara gargaɗi a kanta. Idan kuma sabuwar tangarɗa ta tashi ana tsakiyar kula da wata, Python 3 yana ɗaure tsohuwar a jikin sabuwar don a ga su biyun a rahoto.

Lokacin da babu wurin motsi

Wasu tangarɗu suna zuwa ne daidai lokacin da tafinta ba shi da abin da zai yi aiki da shi. In ma'adana ta ƙare, da me za a ƙera tangarɗar da za ta sanar da hakan? Lua yana tanadar saƙon ƙarewar ma'adana tun lokacin tashi, CPython ma yana ajiye wasu MemoryError a gefe. In kira ya yi zurfi fiye da kima, dole tafinta ya riga tarin C cika, shi ya sa Python ke da iyakar kira 1000 bisa al'ada, ya jefa RecursionError. Lua yana ƙara gurbi 200 a kan iyakar tarinsa don mai kula da kuskure ya samu sarari, in shi ma ya gaza sai a dawo da LUA_ERRERR, alamar kuskure a cikin kula da kuskure.

Katsewa daga waje, irin danna Ctrl-C, ba a jefa ta nan take, domin tana iya samun tafinta yana tsakiyar gyara kayan cikinsa. CPython tuta kawai yake ɗagawa, sai an kai gaɓa mai aminci tsakanin umarni a jefa KeyboardInterrupt.

Rahoton hanyar da tangarɗa ta biyo shi ma sai an tsara lokacin tattara shi, don da zarar an sauke firam shaidar ta tafi. Java yana ɗaukar hoton tarin duka a lokacin ƙera tangarɗar, abin da ke sa ƙerawar tsada. Python yana ƙara layi ɗaya a kowane firam da ta ratsa. Lua ba ya tattara komai sai an nema: xpcall, ɗan'uwan pcall, yana kiran fankishin da aka ba shi kafin tsalle, tun tarin bai rushe ba, a nan ake kiran debug.traceback.