Tawali'u a Addu'ar Kiristoci

Tawali'u a addu'a, bisa koyarwar Kirista, shi ne mutum ya zo gaban Allah a matsayin mai zunubi mabuƙaci, ba kamar mai bin Allah bashi ba. Ana ɗaukarsa ƙofar kusantar Allah. Wasiƙar Yaƙub 4:6-8 ta ce Allah yana gaba da masu girman kai, yana kuwa yi wa masu tawali'u alheri, sannan ta umarci masu bi su kusace shi, shi ma zai kusace su.

Nassin da aka fi kafa hujja da shi misali ne da Yesu Almasihu ya bayar a Luka 18:9-14. Mutum biyu suka shiga Haikali, babban ɗakin ibadar Yahudawa, yin addu'a. Bafarisiye, wato ɗan wata ƙungiyar Yahudawa masu tsananta bin dokokin addini, ya gode wa Allah da bai zama kamar sauran mutane ba, ya lissafa azuminsa sau biyu a mako da ushirin da yake fitarwa. Mai karɓar haraji kuwa ya tsaya can nesa, ko ɗaga ido sama bai iya ba, jinƙai kawai yake roƙo. Yesu ya ce shi ne ya koma gida baratacce, wato karɓaɓɓe a wurin Allah. Bafarisiyen fa bai yi ƙarya ba, ayyukan ya yi su. Abin da ya kayar da shi dogaro da su ne da raina ɗan'uwansa. Ana kuma kawo addu'ar Yesu a lambun Getsamani dab da kama shi, inda ya roƙi a yi nufin Uba, wato Allah, ba nasa ba.

A jihar Kebbi, Kiristoci sun fi yawa a ƙasar Zuru, akwai su kuma a Yauri da Birnin Kebbi, a ikilisiyoyi irin su UMCA (United Missionary Church of Africa), ECWA, Katolika da Angilikan. Da Hausa ake sujada a yawancinsu, da Littafi Mai Tsarki wanda cikakkiyar fassararsa ta fara fitowa a 1932. Durƙusawa a addu'a, alamar tawali'u, ba baƙon abu ba ne ga mutanen da suka saba rusuna wa manya. 'Yan Katolika kan karɓi toka a goshi, alamar tuba da ƙasƙantar da kai, ranar Larabar Toka, farkon azumin kwana 40 kafin Ista.

Ba a rasa saɓani. Wasu na ganin addu'ar ɗaga murya, wadda ta fi yawa a majami'un Fentikos, ta yi hannun riga da Matiyu 6:5-6, inda aka ce mutum ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Masu yinta na amsawa cewa riya aka hana, ba murya ba.