Waiwaye: Girgizar ƙasar da ta sauya dokokin aikin sa kai

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2026 a matsayin shekarar masu aikin sa kai, tsohuwar gardama ta sake tashi. Wasu na cewa a ba su alawus da inshora, wasu kuma na ganin da zarar kuɗi ya shiga, aikin ya tashi daga sa kai. Akwai masu ƙorafin cewa lambar yabo da takardar shaida sun zama dabarar samun ma'aikata kyauta a gurbin da ya kamata a biya albashi. Mai sauraro zai zaci annobar korona ce ta haifi wannan magana, alhali ta girme ta nesa ba kusa ba.

Farkon labarin sananne ne. Henry Dunant ya ga yadda aka bar sojoji da raunuka a filin yaƙin Solferino da ke Italiya a 1859, abin da ya kai ga kafa ƙungiyar Red Cross a 1863. Birtaniya ta samu VSO, ƙungiyar tura masu aikin sa kai ƙasashen waje, a 1958, Amurka ta kafa irinta mai suna Peace Corps a 1961, Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe nata shirin a 1970, sannan a 1985 ta tsayar da 5 ga Disamba ta zama ranar masu aikin sa kai. A wancan zamanin, idan gwamnati ta ce tana tallafa wa aikin sa kai, galibi tana nufin tura matasa wata ƙasa su koyar ko su yi jinya.

Abin da ya karkata akalar manufofin ya faru ne a Japan, kuma ba kasafai ake ambatonsa ba. Da asubar 17 ga Janairun 1995, girgizar ƙasa ta afka wa birnin Kobe da kewaye. Mutum fiye da 6,000 suka rasu, fiye da 300,000 suka koma kwana a makarantu da sauran matsugunan wucin gadi. Layukan dogo sun katse, babbar gadar sama ta motoci ta kife a gefe guda. Sai ga jama'a suna tururuwa daga sassan ƙasar, yawancinsu ɗalibai da matasan da ba su taɓa irin wannan aiki ba. Suna sauka a tashar da jirgi ya iya kaiwa, su ƙarasa da ƙafa, da jarkar ruwa da jaka a baya. Suka raba abinci, suka tantance kayan agaji, suka zauna da tsofaffi. A cikin shekarar, adadinsu ya haura miliyan 1. Har yau mutanen Japan na kiran 1995 shekarar farko ta aikin sa kai.

Da ƙura ta lafa ne matsalar ta bayyana. Yawancin ƙungiyoyin da suka yi wannan ɗawainiya ba su da matsayi a idon doka. Dokar 1896 da ake aiki da ita a lokacin ta sa samun rajista ya yi wa ƙaramar ƙungiya wuya matuƙa. Ma'anar haka a aikace ita ce ƙungiya ba ta iya buɗe asusun banki da sunanta, ba ta iya kama hayar ofis ko sa hannu a yarjejeniya. Gudummawar jama'a sai ta shiga asusun shugaba, shi ne kuma zai ɗauki duk wani alhaki a wuyansa. A 1998 majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar da ta sauƙaƙa rajistar ƙungiyoyin da ba na neman riba ba. Gyara ne mai kyau, babu mai musu.

Daga nan zancen ya fita duniya. Japan ce ta gabatar da shawarar da ta sa a 1997 aka ayyana 2001 a matsayin shekarar masu aikin sa kai ta duniya, kuma a shekarun da suka biyo baya ƙasashe masu yawa suka rubuta dokoki da manufofinsu. Ba Japan kaɗai ta fara ba, domin Italiya ta yi tata dokar tun 1991, Amurka ta yi dokar kare masu aikin sa kai daga ƙarar kotu a 1997, Brazil ta biyo baya a 1998. Amma tambayar da Kobe ta jefa ita ce ta fi bin manufofin: ta yaya za a san da ƙungiya, a yi mata rajista, a shigar da ita tsarin agaji? Rigar da aka ɗinka, da awon ƙungiya aka ɗinka ta. Shi mutumin da ke aikin, kuɗin motarsa, raunin da zai iya ji, ranakun neman abincin da ya rasa, duk an bar su a hannun ƙungiyar, idan yana da ita.

Ga shi kuwa mafi yawa ba su da ita. Sai a 2013 taron masana ƙididdigar ƙwadago na duniya ya amince a lissafa aikin sa kai a matsayin nau'in aiki mai zaman kansa, har da wanda mutum ya yi wa wani kai tsaye. Da aka tattara alƙaluma, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa aikin ya yi daidai da na cikakkun ma'aikata miliyan 109, kuma kusan kashi 70 cikin 100 ana yin sa ne ba ta hannun wata ƙungiya ba. Mata ne suka fi yawa a wannan ɓangare. Wadda ke duba maƙwabciyarta mara lafiya kullum, da wanda ya fara tono mutane daga ɓaraguzai kafin motar agaji ta iso, ba su da lambar rajistar da fom ɗin inshora ko na tallafi ke tambaya.

A ɗaya gefen kuma, akwai masu rajista da aka ɗora wa aikin da ya fi ƙarfin sa kai. Shi ya sa a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa biyan ma'aikatan lafiya na cikin al'umma daidai da nauyin aikinsu da sa'o'insu, shawarar da masu neman alawus ke kafa hujja da ita a muhawarar da ake yi yanzu.