High Noon (fim na 1952)

High Noon fim ɗin kaboyi ne na Amurka, baƙi-da-fari, wanda ya fito a 1952. Fred Zinnemann ne ya ba da umarni, Stanley Kramer ya shirya, Carl Foreman kuma ya rubuta. Gary Cooper ya fito a matsayin Will Kane, shugaban 'yan doka na garin Hadleyville. Ran ɗaurin aurensa da Amy (Grace Kelly) sai labari ya zo cewa Frank Miller, wanda ya taɓa kaiwa gidan yari, na tafe a jirgin ƙasa na ƙarfe 12 na rana don ɗaukar fansa. Kane ya bi mutanen gari ɗaya bayan ɗaya yana neman mataimaka, kowa ya zame.

Tsawon fim ɗin minti 85 ne, kuma lokacin da labarin ya ci kusan daidai yake da na kallo, shi ya sa kyamara ke yawan komawa kan agogo. Mai ɗaukar hoto, Floyd Crosby, ya ƙi ƙawata sararin sama yadda aka saba a finafinan kaboyi, ya bar shi fari fat. Cooper na da shekara 50 a lokacin, yana fama da gyambon ciki, kuma gajiyar da ke fuskarsa ta dace da Kane ƙwarai.

Nauyin fim ɗin ya fi bayyana in an san halin da marubucinsa ya shiga. A 1951, ana tsakiyar aiki, kwamitin Majalisar Wakilai mai farautar 'yan kwaminis ya kira Foreman. Ya ƙi ambaton sunan kowa a matsayin ɗan kwaminis. Kramer ya raba gari da shi, kamfanonin Hollywood suka daina ba shi aiki, ya koma Ingila. Masu kallo da yawa sun ga Hollywood ɗin kanta a cikin matsoratan Hadleyville. Jarumi John Wayne ya tsani fim ɗin, har shi da darakta Howard Hawks suka yi fim ɗin Rio Bravo a 1959 a matsayin martani.

Fim ɗin ya ci kyautar Oscar 4: gwarzon jarumi, tace hoto, kiɗa, da waƙar da Tex Ritter ya rera. A 1989 ya shiga jerin finafinai 25 na farko da Laburaren Majalisar Amurka ya zaɓa don adanawa. A shekarar ce kuma ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity ta ƙasar Poland ta buga hoton Cooper a fastar zaɓen 4 ga Yuni, riƙe da takardar ƙuri'a a maimakon bindiga.