Waiwaye: Yadda Astro Boy ya yanke wa katun ɗin Japan farashi

Ranar 1 ga Janairun 1963 tashar Fuji TV ta fara nuna Tetsuwan Atomu, wanda duniya ta fi sani da Astro Boy, katun na rabin awa da zai riƙa fitowa duk mako. Masu sana'ar a Japan sun ce abin ba zai yiwu ba, kuma da gaskiyarsu. Fim yana cin hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. Ko da an ɗauki kowane zane sau biyu, minti 25 na buƙatar zane 18,000, kowanne da hannu za a zana shi, a kwafe shi kan leda mai garau, a shafa masa fenti ta baya, a jira ya bushe. Kamfanin katun na Toei, da ɗaruruwan ma'aikatansa, kusan fim ɗaya yake fitarwa a shekara.

Wanda ya ɗauko wannan dala ba gammo shi ne Osamu Tezuka, ɗan Osaka da ya karanta likitanci amma ya zaɓi zane. Yaron ƙarfen nasa, mai suna Atom, ya fara bayyana a 1951 cikin mujallar Shonen, sannan daga 1952 zuwa 1968 ya zama mai labarin kansa. Asalin labarin ba na dariya ba ne. Dakta Tenma, shugaban ma'aikatar kimiyya, ya rasa ɗansa Tobio a haɗarin mota, sai ya ƙera mutum-mutumi mai kamarsa. Da ya ga yaron ba ya girma, ya tsane shi, ya sayar da shi ga mai gidan wasan kallo. Farfesa Ochanomizu ne ya ceto shi ya riƙe shi. Ƙarfin doki 100,000 da tashi sama su ne ke jan yara, amma abin da Tezuka ke ta komawa kansa shi ne wariya: halitta mai hankali da tausayi da aka hana ta matsayin mutum.

To yaya kamfaninsa, Mushi Production, wanda ya kafa a 1961, ya cika alkawarin mako-mako? Da rage motsi. Kowane zane aka riƙa ɗauka sau uku, wato zane 8 a daƙiƙa, a wuraren da dole a yi motsi ke nan. In mutum na magana, fuskar tana tsaye a leda ɗaya, baki kaɗai ake canzawa a ledar sama, buɗe, rabi, rufe. Haka hannu ko ƙafa, a raba su da gangar jiki a motsa su su kaɗai. In Atom zai tashi sama, zane ɗaya ne, bangon baya ake ja. Sannan aka buɗe ma'ajiya, aka jera zanukan da aka riga aka yi amfani da su, tashi da gudu da fashewa, ana ciro su a sake sakawa. Da haka zanen kashi ɗaya ya sauko zuwa 'yan dubbai kaɗan. Matsalar tana fitowa in an yi gaggawa: fuskar Atom ta bambanta daga wannan mai zane zuwa wancan, ko ƙura da inuwar ledojin da aka jibga su fito a hoto. Amma dabarar ta tilasta wa daraktoci su koyi yanka hoto da sauri, su matso da kyamara kan ido, su bar labari da sauti su ɗauki nauyin da motsi ya sauke. Wannan salo ne har gobe ake gane katun ɗin Japan da shi. Daraktoci irin su Yoshiyuki Tomino, wanda ya yi katun ɗin Gundam a 1979, da Osamu Dezaki da Rintaro duk a nan suka goge.

Inda ake ta ja-in-ja shi ne kuɗi. Tezuka ya karɓi farashin da bai kai kuɗin aikin ba, adadin da aka fi ambata yen 550,000 ne kowane kashi, don ya samu shiga talabijin ya kuma toshe wa masu gasa hanya. Giɓin ya cike shi da kuɗin littattafansa, da lasisin hoton Atom a kan kaya, musamman cakulan kamfanin Meiji mai ɗauke da sitika, da kuma sayar da shirin waje. A Amurka NBC Enterprises ta saya, Fred Ladd ya juya shi zuwa Turanci, aka nuna kashi 104 daga Satumban 1963. A gida shirin ya kai kashi 193, ya ƙare ranar 31 ga Disamban 1966 da Atom ya nufi cikin rana don ya ceci duniya. Sai dai tashoshi sun riga sun saba da araha, kuma kamfanin da ba shi da Tezuka a bayansa ba shi da inda zai cike giɓi sai a albashin masu zane. Mushi ma ta durƙushe a 1973. Bayan rasuwar Tezuka a 1989, fitaccen daraktan katun Hayao Miyazaki ya fito fili ya soki wannan farashi. Sukar na da tushe, ko da yake ɗora wa mutum ɗaya laifin abin da tashoshi da masu talla suka ci moriyarsa shekara da shekaru bai cika adalci ba.

Sauran juyin sun zo da tazara. A 1980 Nippon TV ta nuna mai launi, kashi 52, inda aka ba abokin hamayyarsa Atlas babban matsayi. A 2003, shekarar da littafin ya ce an ƙera Atom ranar 7 ga Afrilunta, aka yi wani mai kashi 50. Fim ɗin kwamfuta na 2009, na kamfanin Imagi na Hong Kong, ya sassauta labarin don kasuwar Amurka, bai mayar da kuɗinsa ba, kamfanin ya rufe ɗakin aikinsa a 2010. Najeriya ma ta taɓa shiga: a 2014 Tezuka Productions ta haɗa hannu da Channels TV aka yi Little Astro Boy, gajeren shiri na ƙananan yara.

Wanda ya fi riƙe ɗacin asali shi ne Pluto. Naoki Urasawa da Takashi Nagasaki suka ɗauko labarin Tezuka na tsakiyar shekarun 1960, na mutum-mutumin da aka aika ya hallaka mutum-mutumi bakwai mafiya ƙarfi a duniya, suka mayar da shi binciken kisan kai a littafi 8, daga 2003 zuwa 2009. Jarumin ya koma Gesicht, ɗan sandan ƙarfe na Jamus, Atom kuma ɗaya daga cikin waɗanda ake farauta. Tushen kashe-kashen wani yaƙi ne da aka kai wa wata masarauta bisa zargin tana ɓoye makaman ƙare dangi, aka bincika ba a samu ba, wanda duk mai bin labarin Iraƙi zai gane. Netflix ta fitar da katun ɗinsa a Oktoban 2023, kashi 8, kowanne kusan awa guda.