Cutar NMO: Ba Ido da Laka Kaɗai Take Taɓawa Ba

An daɗe ana cewa cutar NMO (neuromyelitis optica), wadda garkuwar jiki ke afka wa jijiyar gani da laka (igiyar jijiyoyin da ke cikin ƙashin baya), ba ruwanta da ƙwaƙwalwa. Masu faɗin haka ba su yi laifi ba, tun 1894 da wani likitan Faransa mai suna Devic ya bayyana ta, haka likitoci suka ɗauke ta.

A 2004 aka gano sinadarin garkuwar da ke haddasa ta a yawancin masu ita, kuma abin da yake kai wa hari yana cikin ƙwaƙwalwa ma. Gwajin da aka yi wa majinyata a Masar da wasu ƙasashe ya nuna da dama suna fama da mantuwa da jinkirin tunani. Mace ta ɗora tukunya, ta rasa ko ta sa gishiri. Ba sakaci ba ne, ba kuma kowa yake samu ba.

Dubawa ba wuya. Likitan jijiyoyi kan karanta jerin kalmomi a maimaita masa, ko ya sa a haɗa alamomi da lambobi cikin daƙiƙa 90. Sai dai a sanar da shi in akwai raunin gani, gajiya, ciwo ko damuwa, domin suna rage maki.

Don Allah a tura wa masu jinya wannan bayani.